Yaushe kotu ke mayar da mamban da ƙungiyarsa ta kora?

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiya bisa raɗin kansa, ko ta 'yan kasuwa ce, ko jam'iyyar siyasa, ko ta ɗalibai irin waɗanda ke harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Wanda ya shiga ya amince da dokokinta ke nan, ita ma kuma dokokin sun ɗaure ta.

Bisa ƙa'ida, kotu ba ta tsoma baki a harkokin cikin gida na ƙungiya. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Onuoha da Okafor ta 1983, inda ta ce zaɓen ɗan takara hurumin jam'iyya ne. Sai dai kotu kan soke kora idan ƙungiyar ta saɓa wa kundinta, ko kwamitin da ya yanke hukuncin ba shi da hurumi, ko an hana mutum damar kare kansa, wadda sashe na 36 ya tanada. A watan Mayun 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci jam'iyyar PDP da kada ta dakatar ko ta kori Nyesom Wike ba tare da sauraronsa ba.

Misali mafi kusa a Bauchi shi ne na Rifkatu Samson Danna, 'yar majalisar dokokin jiha da ta wakilci Bogoro a wancan lokacin. An dakatar da ita a 2012 bayan ta soki ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa zuwa Bununu. Babbar Kotun Jiha ta umarci a mayar da ita a 2013, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Jos kuma ta tabbatar. Majalisa dai ba ƙungiyar ganin-dama ba ce, domin jama'a ne suka zaɓi mambobinta, amma darasin ɗaya ne: rinjayen ƙuri'a ba ya halatta taka doka.

Umarnin mayarwa ba ya nufin an wanke mutum daga zargi. Ƙungiya na iya sake zama, ta ba shi sanarwa a rubuce, ta saurare shi, sannan ta yanke hukunci. Ga wanda aka kora kuwa, yana da kyau ya adana takardar korar da kwafin kundin ƙungiyar, ya fara bin matakan ɗaukaka ƙara na cikin gida kafin ya garzaya kotu.