Wane ne Mahamane Ousmane? Rayuwar tsohon ɗan majalisa kuma jagoran adawa daga jihar Damagaram

Jama'a masu saurarenmu a Magarya, Bande, Waca, Dungas, Malawa da Dogo-Dogo, da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Agadas da sauran wurare, ga tarihin Alhaji Mahamane Ousmane, wanda magoya bayansa ke kira Nafarko. Ya yi shugabancin ƙasa ƙasa da shekara 3, ya shugabanci majalisar dokoki kusan shekara 10, sauran shekarunsa na siyasa kuwa yawanci a ɓangaren adawa ya yi su. Ƙawancen jam'iyyu ne ya kai shi fadar shugaban ƙasa, kuma rushewar ƙawancen ce ta fara raba shi da ita.

Haihuwa da karatu

An haife shi a birnin Damagaram ranar 20 ga Janairun 1950. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa da Kanada, a fannin lissafi, ƙididdiga da tattalin arziki. Da ya dawo gida sai ya kama aikin gwamnati a ma'aikatar tsare-tsare. A farkon 1991, lokacin da aka ba da damar kafa jam'iyyu, yana cikin waɗanda suka kafa CDS-Rahama, jam'iyyar da ta yi ƙarfi sosai a jihar Damagaram. A wannan shekarar ce aka yi babban taron ƙasa a Yamai, daga Yuli zuwa Nuwamba, wanda ya buɗe hanyar zaɓen jam'iyyu da yawa.

Zaɓen 1993 da zaman ƴan marina

A zagayen farko, cikin Fabrairun 1993, Tandja Mamadou na MNSD-Nassara ne ya zo na ɗaya, Mahamane Ousmane na biyu. Sai jam'iyyun da suka haɗu a ƙawancen AFC, masu kiran canji, suka mara masa baya. Ranar 27 ga Maris ya ci zagaye na biyu da kusan kashi 54 cikin ɗari, aka rantsar da shi 16 ga Afrilu. Shi ne shugaba na farko da ƴan Nijar suka zaɓa a takara tsakanin jam'iyyu. Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya ya zama firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye kuma shugaban majalisa.

Mulkin ya zo a lokacin wuya. Baitulmali babu kuɗi, ma'aikata na bin bashin albashi, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Satumban 1994 Issoufou ya yi murabus, PNDS ta fice daga ƙawancen. Da shugaban ƙasa ya rasa rinjaye sai ya rushe majalisa, amma a zaɓen Janairun 1995 ƴan adawa suka samu kujera 43 cikin 83. Dole ya naɗa Hama Amadou na MNSD firaminista. Wannan shi ne abin da mutane suka kira zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa: shugaban ƙasa daga gida ɗaya, gwamnati daga wani gidan, kullum gardama kan wa ke da ikon naɗa mukamai. Duk da haka a zamaninsa aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen Abzinawa ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da ta zama ta tunawa da sasantawa a ƙasar.

Ranar 27 ga Janairun 1996 sojoji ƙarƙashin Ibrahim Baré Maïnassara suka kifar da shi. Ya tsaya takara a Yulin wannan shekarar ya zo na biyu, a zaɓen da aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u. A Janairun 1997 an tsare shi na wasu kwanaki tare da Tandja da Issoufou bayan wata zanga-zanga.

Shekarunsa a majalisa

Bayan kashe Baré a Afrilun 1999, an sake zaɓe. Ya zo na uku, ya goyi bayan Tandja, tsohon abokin hamayyarsa. Jihar Damagaram ta tura shi majalisa, CDS ta samu kujera 17, kuma a ƙarshen Disamban 1999 takwarorinsa suka zaɓe shi shugaban majalisar dokoki. A 2004 ma haka ta faru: ya zo na uku, ya sake mara wa Tandja baya, ya ci gaba da riƙe majalisa. A 2006 aka ba shi shugabancin majalisar CEDEAO mai zama a Abuja.

To, yaya ƙuri'ar Magarya da Dungas ke shiga wannan lissafi? A tsarin zaɓen ƴan majalisa na Nijar kafin juyin mulkin 2023, ba kowace gunduma ke da nata ɗan takara ba. A lokacin, jam'iyya takan ba da jerin sunaye na jiha baki ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Don haka ƙuri'ar da aka jefa a Kwaya ko Guci tukunya ɗaya take shiga da ta birnin Damagaram. Kuma da yake kudancin jihar ne ya fi cunkoson jama'a, a wancan zamanin babu jam'iyyar da ke raina kasuwanninmu lokacin yaƙin neman zaɓe. Dungas kanta sai a 2011 aka ɓalle ta daga Magarya ta zama gunduma.

Tazarce

A 2009 Tandja ya nemi ƙarin shekara 3 a kan mulki. Mahamane Ousmane, duk da ƙawancen shekara 10, ya ce tsarin mulki bai yarda ba. Ranar 26 ga Mayu Tandja ya rushe majalisa, kujerar shugabancinta ta tafi, CDS ta fice daga gwamnati, ya shiga sahun jagororin ƙawancen adawa na CFDR. An yi zaɓen raba gardama 4 ga Agusta, amma ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kawo ƙarshen tazarcen.

Rabuwa da Rahama

A zaɓen 2011 ya zo na huɗu, CDS ta tashi da kujera 3 kacal. Shi ya bi Seyni Oumarou a zagaye na biyu, mataimakinsa Abdou Labo ya bi Issoufou, wanda ya ci zaɓen. Gida ya rabu biyu, aka yi ta shari'a, daga ƙarshe jam'iyyar da ya kafa ta koma hannun Abdou Labo. A 2016 ya tsaya a ƙarƙashin MNRD-Hankuri, ya zo na huɗu a takarar shugaban ƙasa, ya kuma samu kujerar majalisa a ɓangaren adawa. Aikin ɗan majalisar adawa shi ne ya yi wa ministoci tambaya, ya binciki kasafin kuɗi, ya ƙi dokar da bai yarda da ita ba, ko da ya san rinjaye ba ya hannunsa.

Zaɓen 2020 zuwa 2021

Da sabuwar jam'iyyarsa RDR-Canji, ya samu kusan kashi 17 cikin ɗari ranar 27 ga Disamban 2020, ya zo na biyu bayan Mohamed Bazoum. Ɓangaren Hama Amadou, mutumin da suka yi zaman ƴan marina da shi, ya mara masa baya. A zagaye na biyu, 21 ga Fabrairun 2021, an bayyana Bazoum da kusan kashi 56, shi kuma kashi 44. Ya ƙi amincewa da sakamakon, ya ce shi ya ci, ya kai ƙara kotu, amma sakamakon bai sauya ba.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka karɓi mulki, majalisar dokoki ta daina aiki, kuma a Maris na 2025 aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa, har da RDR-Canji.

Masu yabonsa na cewa mutum ne mai haƙuri, wanda ya yarda ya rasa kujera a 2009 don kare tsarin mulki. Masu sukarsa kuma na cewa rashin riƙe abokan tafiya a 1994 ne ya buɗe wa sojoji ƙofa. Dattawan da suka jefa ƙuri'a a 1993 suna nan a garuruwanmu. Matashin da ke son ƙarin bayani, ya zauna da su ya tambaya.