Arziki: Daga Abin Sawa a Baka Zuwa Zinaren Bagega

Kalmar arziki aro ce daga Larabci. Asalinta "ar-rizƙ", wato abin da Allah ya ba bawansa ya rayu, ko da loma ɗaya ce. Bahaushe ya haɗiye ta da "ar" ɗin farkonta, yadda ya yi wa albarka da alƙalami, har ya fitar da aikatau daga cikinta: a ce Allah ya azurta wane da haihuwa.

A bakinmu ma'anarta ta faɗaɗa. Mai arziki shi ne mai dukiya, amma mutumin arziki zancen hali ne, ko da ba shi da ko sisi. Attajirin da ya wulaƙanta baƙo sai a ce ya yi rashin arziki. 'Yan boko kuma suka ɗauke ta suka gina tattalin arziki da arzikin ƙasa.

Manomi a fadamar Gummi, idan rumbunsa ya cika, cewa yake an samu albarka ko wadata, don wadata isa ce. Zinaren Anka da Bukkuyum kuwa arziki ake kiransa. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a gidaje don fitar da zinaren ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yar Galma. Shi ya sa dattijo ba ya roƙon arziki kawai, sai ya ƙara da "mai albarka".