ƘARAMIN HARSASHI KO BABBA? GARDAMAR DA SOJOJIN DUNIYA SUKA SHEKARA 70 SUNA YI



Wani ɗan'uwa ya tambaye ni, wai tsakanin bindiga mai ƙaramin harsashi da mai babba, wacce ta fi? Na ce masa malam, wannan tambayar taka ta taɓa haɗa Amurka da Birtaniya rigima. Bari in ba ku labarin.

Kafin mu shiga, idan kun ji na ce 7.62 ko 5.56, kaurin harsashin ake nufi da milimita.

A Yaƙin Duniya na Biyu, manyan ƙasashe duk babban harsashi suke amfani da shi. Birtaniya tana da Lee-Enfield, Amurka M1 Garand, Tarayyar Sobiyet kuma Mosin-Nagant. Harsasan nan suna iya yin kisa daga nisan kilomita guda. To amma fa sojan da yake cikin hayaƙi da ƙura, ga tsoro, ina zai hango mutum daga kilomita guda balle ya same shi?

Jamusawa ne suka fara aiki da wannan darasi a fagen daga. Suka gajarta harsashinsu, suka ƙera StG 44 wadda take iya ɓarin wuta ba tare da ta ƙwace wa mai riƙe da ita ba. Sobiyet ma ta bi wannan hanya da harsashin 7.62x39, wanda shi ne na AK-47 da kowa ya sani.

Bayan yaƙi, Birtaniya ta fito da nata matsakaicin harsashin mai kaurin milimita 7, har ma a 1951 ta amince da sabuwar bindigar EM-2 da za ta riƙa harba shi. Sai Amurka ta ce sam, wannan harsashin ba shi da ƙarfi. Da Winston Churchill ya dawo mulki a ƙarshen shekarar, sai ya soke shirin, don kada ƙungiyar NATO ta rabu a kan harsashi. A 1954 NATO ta tsaya a kan 7.62x51, zaɓin Amurka. Shi ne harsashin FN FAL da G3, bindigogin da sojojin Najeriya ma suka daɗe suna riƙewa. Ku riƙe wannan milimita 7 ɗin a ranku, za mu dawo kansa.

Abin mamaki, tun a 1952 wani mai bincike da ke yi wa sojan Amurka aiki, Norman Hitchman, ya rubuta rahoto cewa yawancin musayar wuta ba ta wuce yadi 300. Manyan hafsoshi ba su saurara ba, suka ɗauki M14 a 1957.

Dajin Biyetnam ne ya raba gardama. Bishiyoyi sun rufe ko'ina, abokin gaba yana kusa da kai, ga shi da AK-47. M14 doguwa ce, ga nauyi, in ka sake ta tana ɓarin wuta sai bakinta ya yi sama. Nan Amurka ta koma kan M16, wadda ta samo asali daga ƙirar Eugene Stoner, mai harsashin 5.56. Wato ƙasar da ta ce milimita 7 ya yi ƙanƙanta, ita ce ta ɗauko wanda bai ma kai shi ba!

Lissafin mai sauƙi ne. Harsashin 7.62 guda ɗaya da kwansonsa ya kai kusan giram 25, na 5.56 kuwa kusan giram 12. Ka ga da nauyi ɗaya, soja zai ɗauki ninki biyu. Sannan bindigar ba ta dukan kafaɗa sosai, ko sabon kurtu zai iya saita harbi na biyu da sauri. Sobiyet ta ga haka, ita ma a 1974 ta fito da AK-74 mai harsashin 5.45. NATO kuma ta amince da 5.56 a 1980.

To ina matsalar ƙaramin harsashi? Nisa. Ka ɗauki tsakuwa da busasshen ƙwallon dabino ka jefa su ranar da ake iska, za ka ga wanda iska ta fi kaɗawa. Kan harsashin 5.56 kusan giram 4 ne, na 7.62 ya haura giram 9. Ƙaramin ya fi gudu a lokacin da ya fita daga bakin bindiga, amma yana saurin gajiya. Idan ya wuce mita 500, ƙarfinsa ya ragu sosai, iska kuma ta fara wasa da shi.

Wannan ne ya fito fili a Afganistan. Can duwatsu ne da kwaruruka, babu dajin da zai rufe ido. Mayaƙan Taliban sukan hau tsauni su buɗe wuta da PKM mai jigida, wadda take harba tsohon harsashin 7.62x54 na tun 1891. Sojan da ke ƙasa da 5.56 yana ganin inda wuta take fitowa, amma mayar da martani ya zama aiki. Dole Amurka ta koma rumbu ta kwaso tsofaffin M14 ta gyara su, Birtaniya kuma ta sayi L129A1 mai 7.62 a 2010.

Su kuwa gwanayen harbi daga nesa, dama ba su taɓa rabuwa da babban harsashi ba. A 2009, wani sojan Birtaniya, Craig Harrison, ya yi harbi daga nisan mita 2,475 a lardin Helmand da harsashin .338 Lapua. A 2017 wani sojan Kanada ya kai mita 3,540 a Iraƙi da harsashi mai kaurin milimita 12.7.

Amma kada wani ya ɗauka kauri shi ne komai. Abin da yake sa harsashi ya yi nisa bai karkace ba shi ne ya zama dogo, siriri, kuma mai nauyi, don ya keta iska. Shi ya sa 6.5 Creedmoor, duk da bai kai 7.62 kauri ba, ya fi shi jure wa iska a nesa.

Kun tuna milimita 7 ɗin Birtaniya? A watan Afrilun 2022, sojan ƙasa na Amurka ya zaɓi sabuwar bindigar kamfanin SIG Sauer mai harsashin 6.8x51, saboda nisa da kuma huda rigar sulke ta zamani. Ya fi na Birtaniya ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kaurin kusan ɗaya ne da wanda aka yi watsi da shi shekara 71 baya. Kuma tuni aka dawo da tsohon ƙorafi, wai ya yi nauyi, soja ba zai ɗauki da yawa ba.

Ni dai abin da na fahimta, filin daga ne yake zaɓar harsashi. A daji da cikin gari ƙarami ya fi amfani, a tsauni da fili babba ne yake kai wa. Kuma duk lokacin da manya suka yi kuskuren zaɓi a ofis, ƙaramin soja ne yake biya da ransa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.