Bussa, garin da ruwa ya tasa

'Yan uwa, da yawa cikin yaranmu ba su san asalin Bussa tana ƙarƙashin ruwa ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya cinye tsohon garin, har da wurin da Mungo Park ya halaka a 1806. An tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwan bakin Kwara, mu aka gina mana Sabuwar Bussa. Ma'aikatan lantarki da masunta suka ƙara mana yawa.

Da aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma ya zama gandun ƙasa, mun sa rai da masu yawon buɗe ido, sun kuwa zo kallon dorina a Kogin Oli. Yau 'yan bindiga sun shiga dajin, masu masauki da direbobinmu sai zaman jiran baƙo.