Tarihin Kamfanin Inshora na AIG

A shekarar 1919 ne wani Ba'amurke mai suna Cornelius Vander Starr ya buɗe ɗan ƙaramin ofishin inshora a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Daga 1921 ya fara sayar wa 'yan ƙasar inshorar rai. Kasuwa ta buɗe, rassa suka bazu a Asiya. Da yaƙi ya tsananta, sai ya mayar da hedkwata New York a 1939.

Magajinsa, Maurice Greenberg, shi ya kai kamfanin ƙasashe fiye da 100. Amma garin neman ƙiba aka samo rama. Wani sashe na kamfanin ya riƙa tsaya wa bankuna kan basussukan gidaje, ba tare da isasshen tanadi ba. Da darajar gidaje ta faɗi a Amurka, biya ya gagara. A watan Satumba na 2008 babban bankin ƙasar ya ranta masa dala biliyan 85, don kada ya durƙushe ya ja wasu.

Wajen biyan wannan bashi, dole kamfanin ya sayar da AIA, wato reshensa na Asiya, inda tushensa yake.