Tarihin Gano Hawan Jinin Ido Mai Kama Ƙananan Idanu

Akwai waɗanda ake haifa da ƙwayar ido ƙarama fiye da ƙima, abin da likitoci ke kira nanoftalmos. Idon baligi kan kai milimita 23 zuwa 24 daga gaba zuwa baya, nasu kuwa da ƙyar yake kai 20. Sai dai madubin da ke ciki bai ragu ba, don haka yakan cushe wurin, ya tura baƙin ido gaba har ya toshe kusurwar da ruwan ido ke fita. Ruwa ya taru, matsi ya hau, jijiyar gani ta soma lalacewa. Galibi sai an manyanta wannan cuta ta hawan jinin ido ke tasowa, ga mutumin da tun yana yaro yake fama da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

A 1857 Albrecht von Graefe na Jamus ya bayyana cewa yanke ɗan yanki daga baƙin ido yana sauke matsin. Sai a 1938 Otto Barkan ya raba hawan jinin ido gida biyu, mai buɗaɗɗiyar kusurwa da mai rufaffiya.

Amma tiyatar da ke ceton sauran idanu ita ke halaka waɗannan ƙananan idanun. Da an buɗe ido matsi ya faɗi, sai ruwa ya kwararo ta baya, ya ɗaga tantanin gani daga mazauninsa. Mutum ya shiga neman sauƙi ya fito da makanta. Robert Brockhurst na Boston a Amurka ne ya haɗa zaren a rahotonsa na 1975, daga baya ya ɗora laifin a kan farin ɓawon ido, wanda kaurinsa ke shaƙe jijiyoyin da ke kwashe jini. A 1980 ya kawo tiyatar sassauta wa jijiyoyin, aiki mai wuya, don kuskure kaɗan jini ya ɓalle.

Donald Gass na Miami ya zo da wata fahimta a 1983: ɓawon ne ke hana ruwa mai furotin tsatsowa waje. Sai ya riƙa fafe ƙananan tagogi a jikinsa, dabarar da ta fi sauƙi, kuma ita aka fi bi har yau. Huda baƙin ido da hasken leza ma ya rage buƙatar wuƙa. A 2005 masu bincike suka danganta wani nau'in nanoftalmos da ƙwayar gado mai suna MFRP, wadda yaro kan gada ta wajen uwa da uba duka.