Halwar Limaman Kirista: Daga Miango zuwa Kudenda

Kalmar halwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ya san ta daga malaman ɗariƙa, waɗanda sukan shiga ɗaki su rufe ƙofa, wani lokaci har kwana arba'in, ba su ganin kowa sai mai miƙo musu abinci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne limaman Kirista ma suna da irin wannan al'ada, kuma daɗaɗɗiya ce. Asalinta yana komawa ga kwana arba'in ɗin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi cikin jeji, sa'an nan ga masu zuhudun hamadar Masar irin su Antoni, wanda ya rasu a 356. Amma wanda ya tsara ta yadda aka san ta yau shi ne Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen, wanda Fafaroma ya amince da littafinsa a 1548. Shi ya shimfiɗa halwar kwana talatin ta shiru da addu'a da binciken zuciya, daga baya aka riƙa taƙaita ta zuwa mako guda. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta wajabta wa fadan da ke ƙarƙashin bishop ya shiga halwa aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku. Ta 1983 kuwa ta bar wajibcin, ta sakar wa kowace ƙasa tsara lokacinsa.

A Arewacin Nijeriya ba ta wannan ƙofa abin ya fara shigowa ba. Ciwo ne ya kawo shi. Daga cikin mutum uku da suka kafa mishan ɗin SIM a 1893, biyu ba su kai ƙarshen 1894 ba: Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent kuma a Bida. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki darasi, domin a 1914 suka buɗe gidan hutu a Miango, ƙasar Irigwe kusa da Jos, inda tudu da sanyin iska suke sassauta wa Bature zazzaɓi. To, da ma mai neman lafiyar jiki a wurin da babu hayaniya ba ya rasa lokacin addu'a, sai sannu a hankali Miango ya zama wurin taron keɓewa. Bayan da aka kafa ECWA a 1954, fastocin ƙasa suka gaji al'adar, ko da yake tasu halwar ta fi karkata ga wa'azi da nazarin Littafi Mai Tsarki fiye da dogon shirun Katolika.

Abu guda ya haɗa duka hanyoyin biyu, wato imanin cewa nesa da gari ita ce lafiya. A kan wannan tunani aka riƙa gina gidajen halwa da makarantun horar da limamai a bayan gari, inda fili yake da araha, kuma ba a jin kome sai kukan tsuntsaye. Shekaru masu yawa babu wanda ya ga aibi cikin haka.

Kaduna ce ta fara jarraba wannan tunani. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, kudancin kogi ya cika da ma'aikata daga sassa dabam-dabam, unguwanni irin su Kudenda suka girma a gefen masana'antu. Rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin: Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa. Limamin da aka horar don ya yi baftisma da ɗaurin aure sai ya sami kansa yana binne gawawwaki, yana rabon hatsi ga 'yan gudun hijira, yana kuma rarrashin samarin da suke son ramuwa. Ba kasafai ake tambayar wanda yake rarrashin shi mai rarrashin ba. Duk da haka, a wancan zamani yana iya fita daga gari ya sami natsuwa, domin cikin gari fitinar take.

Abin da ya auku daga 2020 shi ne ya juya al'amarin. Ran 8 ga Janairu na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kakau, kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. An sako uku. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, kashe shi aka yi. Keɓewar da aka zaɓa don tarbiyya ita ce ta ba maharan hanya.  Ran 8 ga Maris 2022 kuwa sunan Kudenda ya kai ƙasashen waje, domin a daren nan aka sace Fada Joseph Aketeh Bako daga gidansa na cocin Saint John, aka kashe mai gadi. A watan Mayu cocin Katolika na Kaduna ya sanar cewa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi tsakanin 18 da 20 ga Afrilu. Kafin a share hawaye, a watan Yuni aka kashe Fada Vitus Borogo a wata gona a Kujama.

Saboda haka fadan da yake shiga halwa a Kaduna bayan 2022 ba irin na Ignatiyus ba ne, wanda ya bar duniya don kada ta ruɗe shi. Wannan ya zo da nauyin abokan karatu da ya rasa, da tsoron ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, da kunyar faɗa wa jama'arsa cewa shi ma yana jin tsoro. Shiru kaɗai ba lallai ya warkar da irin wannan ba. Sau da yawa abin da yake bukata shi ne ya yi magana a gaban takwarorinsa. Akwai kuma matsalar wuri. Tara limamai da yawa a gida guda na tsawon mako abu ne da dole a lissafa shi da katanga da masu gadi da hanyar da za a bi, kuma Miango ɗin kansa, inda aka fara, yankinsa ya sha hare-hare tun daga 2017.